Gargaɗi Ga Ƙannenmu Masu Shirin Shiga Kwaleji

Wannan magana ina yinta ne da ƙannenmu 'yan aji shida na makarantun sakandare da ke cikin ƙasar Birnin Kudu da ta Gwaram, maza da mata, waɗanda za su zauna jarrabawar fita, su kuma nemi shiga jami'a ko wata kwaleji. Ni dai ba babban malami ba ne, ɗalibi ne mai koyon aikin malanta, tsakanina da ku bai fi shekara huɗu ko biyar ba. Amma wanda ya riga ka tsallake rafi, ko da jiya ne, ya iya gaya maka inda ruwa ya ke da zurfi.

In ka tambayi yaro ɗan aji shida abin da ke damunsa, ba zai wuce abu guda ba, watau yadda zai sami gurbi. Da shi ya ke kwana, da shi ya ke tashi, iyayensa ma haka. Kowa na zancen ranar da suna zai fito, da wuya ka ji mai zancen abin da zai biyo bayan fitowar sunan. Ga shi kuwa a nan ne yara da yawa su ke faɗuwa, bayan an yi murna an gama, an sayar da buhun riɗi ko ɗan bijimi an biya kuɗin rajista.

Bari in kwatanta muku da abin da dukanmu muka sani. Kusan kowanenmu da makarantar allo ya fara. A can malam ko gardi shi ke rubuta maka, shi ke biya maka, kai kuwa ka yi ta maimaitawa har ka riƙe, sa'an nan a ce ka wanke. In ka yi wasa ga bulala, in ka ƙi zuwa a aiko manyan almajirai su ɗauko ka. To, makarantar sakandare, balle ta kwana, ba ta da wani bambanci mai yawa da wannan. Ƙararrawa ke tashinka, ƙararrawa ke kai ka aji, malami ya rubuta a allo ka kwafe, da dare a kora ka karatu, a kuma kira suna don a san wanda ya gudu. Shekara goma sha biyu ke nan, tun daga firamare, ana ɗauke da kai kamar goyo.

Amma ku dubi wanda ya sauke Alƙur'ani ya shiga neman ilmi a zaure. Ba ƙararrawa, ba kiran suna, ba bulala. Shi da kansa zai ɗauki littafinsa, ko Ahalari ko Risala, ya tafi ya zauna ya jira layi ya zo kansa, ya karanta 'yan layuka, malam ya fassara masa, ya yi godiya ya tashi. Ko ya koma gida ya yi muɗala'a har tsakar dare, ko ya jefa littafin bisa gado ya tafi hira, malam ba zai bi shi ya gani ba. In kuwa malaminsa gwanin fiƙihu ne amma nahawu bai zauna masa ba, ɗalibin ne zai nemi wani zauren da ƙafarsa. Shi ya sa za ka ga mutum biyu sun fara littafi rana ɗaya wurin malami ɗaya, bayan shekara biyar ɗaya yana karantarwa, ɗayan kuwa har yanzu yana babin tsarki.

Kwaleji da jami'a zaure ne. Malami zai shigo babban ɗaki ya tarad da ku ɗari biyu ko fiye, ya yi bayani sa'a ɗaya ko biyu, ya ambaci littattafan da za ku nema, ya fita. Bai san sunanka ba, bai san daga Kila ka zo ko daga Sundimina ba, ba kuma zai tambaya ko ka fahimta ba. Abin da zai ƙara haɗa ku shi ne takardar jarrabawa. Wani abu kuma da ba a cika gaya wa sababbin ɗalibai ba, makin da ka samu tun a zangon farko na shekarar farko ana ajiye shi, a haɗa da na kowane zango har ranar da za ka fita, da jimlar ne kuma a ke yanke darajar takardarka. Wanda ya ɓata shekarar farko yana yawon ganin gari, sauran shekarun duka biyan bashi zai yi. In makin ya yi ƙasa ƙwarai a kan yi masa kashedi, in bai gyara ba a sallame shi.

Saboda haka shirin da ya fi kowane shiri shi ne yaro ya koyi karatu shi kaɗai tun yana aji shida. Ga yadda na ga ya fi sauƙi. Ka ɗauki babi guda a littafin darasi, wanda malami bai kai gare shi ba tukuna, ka karanta sau biyu, ka rufe littafin, ka rubuta abin da ka gane da kalmominka. Sa'an nan ka buɗe ka gwada. Da fari za ka ga abin ban haushi, gama rabin abin da ka ke tsammani ka sani zai ƙi fitowa. Kada ka bari. Bayan haka ka sami abokai biyu ko uku, kowa ya ɗauki babinsa ya karantad da sauran, su kuma su yi ta jifansa da tambayoyi. Duk abin da ba ka iya bayyana wa ɗan'uwanka ba, ba ka san shi ba tukuna. Wannan kuwa mu masu koyon malanta mun fi kowa saninsa, don ba abin da ke tona asirin mutum kamar tsayawa gaban aji da alli a hannu.

A wata makaranta inda aka tura mu gwajin koyarwa na ga yara masu kaifin ƙwaƙwalwa, su kawo maka ma'anar abu da Turanci ba tuntuɓe, kamar suna tilawa. Amma da ka juya tambayar kaɗan, ko ka ce su ba da misali daga gonar gidansu, sai aji ya yi tsit. Hadda baiwa ce da makarantar allo ta ba mu, ba kuwa abin rainawa ba ce, masu koyon likitanci da shari'a suna bukatarta ƙwarai. Sai dai ko a zaure malam ba ya barinka da lafazi kawai, sai ya ji ka san abin da lafazin ke nufi. Babban abin da ke hana yaranmu fahimta kuwa shi ne Turanci. A sakandare malami ya kan ji tausayi ya maimaita da Hausa. A jami'a mai yiwuwa ne malamin ma ba ya jin Hausar. Don haka ka karanta duk abin da ya faɗo hannunka na Turanci, jarida ko littafin labari, ka saurari labarun rediyo da shi, ka kuma yi magana da shi ko abokai za su yi maka dariya. Dariyar 'yan ajinku a Gwaram ta fi sauƙi bisa ga ka zauna wata huɗu gaban malami ba ka jin abin da ya ke cewa.

Yanzu kuma zan taɓa wani wuri mai ciwo. Kowa ya san akwai inda a ke biyan kuɗi a kan kuɗin jarrabawa don a ba yara amsa ranar WAEC ko NECO, ana kiran abin da suna taimako. Har iyaye masu salla da azumi su kan biya, suna ganin gata suka yi wa ɗansu. Wallahi ba gata ba ne. Zanen aro ba ya rufe katara. Yaro ya fito da kiredit takwas ko tara, ciki har da Kimiyyar Sinadarai da Lissafi, aka ɗauke shi a kan wannan takarda, aka zaunad da shi tare da waɗanda suka ci da guminsu, malami kuma ya ɗora daga inda takardar ta ce ya tsaya. Ina zai kama? Ko dai a kore shi bayan shekara guda, kuɗin uba ya tafi a banza, ko kuwa ya ci gaba da sata har ya fita. Na biyun nan ya fi muni, gama in ya zama malamin jinya, uwayenmu ne za su kwanta gabansa a asibiti, in ya zama malamin makaranta, ƙannenmu ne zai cika da jahilci. Ban da wannan, dokar ƙasa ta 1999 ta sa satar jarrabawa cikin laifuffukan da a ke ɗaure mutum a kansu, hukumomin jarrabawa kuma su kan riƙe sakamako ko su soke shi. Kiredit biyar naka na kanka, da Turanci a ciki, da Lissafi musamman ga mai son fannin kimiyya, sun ishe ka. In ba su cika a zama ɗaya ba, yawancin kwasa-kwasai suna karɓar zama biyu.

Game da jarrabawar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978, ga abin da ya kamata kowa ya sani. Tun 2015 da kwamfuta a ke yinta. Darasi huɗu ne, Turanci tilas, jimlar maki 400. Tambayoyi 180 ne cikin sa'a biyu, watau kowace tambaya ba ta da fiye da daƙiƙa 40. Yaron da ya taso a Fagam ko Kantoga, bai taɓa dafa linzamin kwamfuta ba sai ranar, zai ɓata kwata guda yana rawar hannu kafin ya natsu. Kada ka yarda wannan ya same ka. Ka tafi shagon kwamfuta a Birnin Kudu ko Dutse ka zauna ko sau uku ne, ka kuma yi jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa kafin ta gaske. A 2025, cikin mutum wajen miliyan 1.9 da suka zauna, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba, bisa ga sakamakon farko da hukumar ta bayyana. Na faɗi wannan ne don mai 180 kada ya ɗauka duniya ta tashi, mai burin likitanci kuma ya san irin tudun da ke gabansa.

Akwai kuma 'yan ƙananan abubuwa da ke hana mutum gurbi ko ya ci jarrabawa. Tun 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa. Mu kuwa mutum guda ya kan zama Muhammadu a takardar firamare, Mohammed a ta WAEC, Muhammad a katin ɗan ƙasa, ranar haihuwa ma kowace takarda da tata. Ka jera takardunka yau ka duba, abin da ya saɓa a gyara tun da sauran lokaci, ba a fafe gora ranar tafiya. Lambar wayar da za ka yi rajista da ita ta zama taka, kada ka bar mai shago ya sa tasa. Ka duba darussan da kwas ɗinka ke bukata kafin ka zaɓa, gama mai son likitanci da ya bar Fiziks ya sa wani abu, ya rufe wa kansa ƙofa tun bai shiga ɗakin jarrabawa ba. In kuma an ba ka gurbi, sai ya bayyana a shafin JAMB na intanet ka karɓa da kanka, haka tsarin ya ke tun 2017. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi zai shigad da kai ta bayan gida, ka guje shi, don ranar tafiya hidimar ƙasa za a nemi sunanka a rasa.

Sai zancen zaɓen abin da za a karanta. In ka shiga aji shida na kimiyya ka ce masu son zama likita su ɗaga hannu, sai ka ga hannuwa kamar karan dawa. Buri abu ne mai kyau, ƙasarmu kuma tana bukatar likitoci matuƙa. Amma guraben kaɗan ne, masu nema dubbai, sai ka ga yaro ya yi shekara uku yana maimaita JAMB a kan kwas guda, tsararsa har sun kusa gamawa. Ka auna ƙarfinka da gaskiya, ka tambayi malamin da ba zai yi maka daɗin baki ba. Yaran Birnin Kudu suna alfahari da cewa Alhaji Aliko Ɗangote a kwalejin gwamnati ta garinsu ya yi karatu. To, su tuna da ya tafi Jami'ar Azhar ta Alƙahira harkar ciniki ya karanta.

Ƙofofi kuwa yanzu suna da yawa, ba kamar zamanin da. Kafin a yanke Jihar Jigawa daga Kano a 1991, ɗan ƙasar nan mai son jami'a sai ya nufi Kano ko Zariya ko wani gari mai nisa. Yau ga Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011, ga ta jiha a Kafin Hausa tun 2013 wadda ke ɗauke da sunan Sule Lamiɗo, ga kwalejojin fasaha a Dutse da Haɗeja da Kazaure, ga Kwalejin Ilmi a Gumel, ga makarantar aikin lafiya a Jahun. Mutanen Gwaram, da ya ke suna bakin iyaka da Bauci, Azare ma ba ta yi musu nisa ba. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe ne kashi 45 cikin 100 bisa cancanta, kashi 35 ga 'yan yankin da jami'ar ta ke, kashi 20 ga jihohin da aka lasafta suna baya a ilmin boko, Jigawa kuwa tana cikinsu. Wanda ya san wannan zai ga hikimar sa jami'ar kusa da gida a zaɓinsa na farko, maimakon wata mai suna da ke can nesa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda a ke kallon kwalejin horad da malamai, kamar juji inda a ke zuba wanda ko'ina aka ƙi. Mai wannan ra'ayi bai san tarihin ƙasarsa ba. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, don horad da malamai aka gina ta. Sir Ahmadu Bello da ya fito cikinta a 1931 Midil ta Sakkwato ya tafi ya koyar. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito a 1933 ya koyar a Midil ta Bauci har ya zama shugabanta. Alhaji Abubakar Imam malami ne a Midil ta Katsina kafin ya shiga aikin rubutu. Malam Aminu Kano, wanda ya yi kwalejin bayan ta koma Kaduna, shi ma da alli ya fara. Ba zan ɓoye muku ba, albashin malami ba shi da auki, mai neman gina bene cikin shekara biyu ya nemi wata hanya. Amma takardar NCE shekara uku ce, da ita za ka sami abin yi a garinku, da ita kuma a ke shiga jami'a kai tsaye a aji na biyu, haka ma mai difloma ta kwalejin fasaha. Illa dai ina roƙon wanda ba ya son yara, ba shi da haƙuri, kada ya zo mana don ya rasa wurin zuwa. Irinsu sun yi yawa cikin azuzuwa tun yanzu.

Ƙannena mata, ku taku maganar ta fi ta kowa nauyi. Ga kwalejin koyon jinya da ungozoma a cikin garin Birnin Kudu, ga babban asibitin tarayya, amma mace mai naƙuda daga ƙauye ta kan so ta tarad da 'yar'uwarta mace mai jin harshenta, ba kullum ta ke samu ba. Mazan da ke ƙin a kai matansu wurin likita namiji, su ne ya kamata su fara barin 'ya'yansu mata su yi wannan karatu. In maganar aure ta taso kina aji shida, kada ki yi shiru sai an ɗaura. Ki gaya wa mahaifiyarki ko gwaggonki burinki, a kai maganar ci gaba da karatu gaban waliyyai tun wurin neman aure, a yi ta a fili gaban shaidu. Alkawarin da saurayi ya yi a zaure da dare ba shi da mai tuna masa.

Batun kuɗi ba zan tsawaita ba. Ka zauna da mahaifinka ku yi lissafi na gaskiya, kuɗin makaranta, da ɗaki, da abinci, da mota, da takardu, na dukan shekarun, kada a tsaya ga na shiga kaɗai. Akwai hukumar ba da tallafin karatu ta jiha. Tun 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta buɗe asusun ba ɗaliban makarantun gwamnati rance marar ruwa, wanda a ke fara biya shekara biyu bayan gama hidimar ƙasa. Rance ne fa, a riƙa tunawa. Mai sana'ar hannu, ɗinki ko aski ko gyaran waya ko kitso, ya tafi da kayan aikinsa, ba ya kwana da yunwa a makaranta. Abin da ke cinye guzurin ɗalibai a yanzu kuwa ba abinci ba ne kamar wayar hannu da cacar ƙwallo, sa'an nan abokin da zai miƙo maka ƙwaya ya ce tana hana barci don karatu. A can ba mai tashinka sallar Asuba, ba mai tambayarka inda ka kwana. Ka dubi wanda za ka zauna ɗaki guda da shi da kyau.

Tsakanin gama jarrabawa da fitowar sunaye a kan sami watanni, yawancinsu kuwa cikin damina su ke faɗawa. Yara da yawa a bakin titi su ke ƙare su, suna jiran labari. Ka bi mahaifinka gona, gama daga cikin amfanin nan ne kuɗin rajistarka zai fito in an kai kasuwar Sara. Da la'asar ka nemi wani ɗan garinku da ya riga ka shiga kwas ɗin da ka ke so, ka ari takardunsa na shekarar farko ka fara dubawa. In kuma makarantar firamare ko Islamiyyar unguwarku tana ƙarancin malamai, ka tafi wurin shugabanta ka ce ya ba ka aji guda ka riƙe masa har sunanka ya fito.